Kwalbar Mai Da Na Kai Goronyo

An raina mu, kuma har yau ban yafe ba. Wani ɗan kwangila ya zo Maikujera ranar Asabar cikin mota mai sanyi, ya sauke gilashi rabi, ya dubi taransifomarmu daga inda yake zaune, ya ce man da ke cikinta ya mutu. Bai taɓa ta ba. Takalminsa bai taka taɓon garinmu ba sai da zai miƙa wa mai gari takarda. Ya ce ranar Alhamis zai dawo da mota mai ƙugiya, a tsiyaye man duka, a ɗauke taransifomar a kai birni gyara.

Matan da ke kawo mini niƙa sun ishe ni da tambayar yadda tafiyata Goronyo ta kasance. Kowace ta zo sai na kashe inji na soma daga farko, har muryata ta dushe. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kulu. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli, kuma ina da injin niƙa mai aiki da lantarki wanda marigayi mijina ya bar mini. Ina da jikoki uku lokacin da na shiga ajin manya, na zauna kan benci ina koyon baƙi da wasali ana yi mini dariya a ƙofar gida. Ban damu ba a lokacin, yanzu ma ban damu ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne mun ga irin wannan a baya. Akwai ƙauye gabas da mu da aka ɗauke tasu taransifomar da sunan gyara. Yau in ka bi ta wurin, dakalin siminti kawai za ka gani, awaki na kwance a kai. Tamu ita ke juya injina, ita ke tayar da ruwan burtsatsen da gari duka ke sha. In ta tafi, mun koma turmi da rijiyar da ke yin ja da damina. Laifinta ɗaya, duk sanda aka yi ruwa da iska sai fis ɗinta ya ƙone. Wannan muka kai kuka a kansa, sai aka turo mana mai son ɗauke ta gaba ɗaya.

Ranar Lahadi maza suka taru a ƙofar mai gari. Mata ba su zama a wurin, don haka na tsaya a bakin zaure. Takardar na yawo hannu zuwa hannu, kowa ya juya ta ya ce sai haƙuri. Da na gaji da jin sai haƙuri na miƙa hannu na ce a ba ni in gani. Turancina bai kai ya kawo ba, amma na san gurbi in babu kome a cikinsa. Akwai wani gurbi babba a tsakiyar takardar, fari fat.

Na kira Sani, ma'aikacin wuta daga Rabah da ke kula da layinmu, na ce, "Ɗana, mi aka rubutawa a nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna Kulu, nan aka sa lambar gwajin mai."

"To ina lambar?"

Sai da taro ya watse Sani ya biyo ni bayan gida ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne, ba shi iya ja da ɗan kwangila. Amma akwai wani tsoho a Goronyo, Malam Garba, wanda ya yi aikin wuta har ya aje, shina da akwatin gwada mai. In aka kai mishi kwalba guda, zai faɗi gaskiyar man. Na tambayi maza wa zai je. Wannan na da noman gero, wancan ƙafa na ciwo, wani ya ce hanya ba lafiya. Na ce ni zan je.

Ni mai mai ce, na san mai ba ya shiri da ruwa. Ɗigo ɗaya ya faɗa kasko, sai tartsatsi ya ƙona maka hannu. Saboda haka na wanke kwalba, na kife ta, na gasa ta a gefen murhu har ta bushe ƙayau. Litinin da safe Sani ya kashe wuta, ya buɗe wani ɗan famfo a ƙasan taransifomar, ya cika mini ita. Man garau yake, kamar shayi marar madara. Ya ja mini kunne cewa kada ya taɓa abinci ko jikin mutum, ba irin namu ba ne.

A garinmu ba a fita da saƙon gari sai Liman ya yi masa tofi. Ko takarda ce, ko irin shuka, ko akuyar da za a kai gaisuwa. Liman kuwa yayan mijina ne, shi ya tsaya mini lokacin da na zama ni kaɗai da yara. Na durƙusa na miƙa masa kwalbar a rufe.

Ya ce, "Buɗe ta, Kulu, addu'a ta shiga ciki."

Na so in ƙi, amma wa zai ce wa Yaya Liman a'a a gaban jama'a? Na buɗe. Ya karanta, ya tofa sau uku. Dattijo na kusa da shi ya ce shi ma a kawo ya sa albarka. Kafin kwalbar ta dawo hannuna bakuna huɗu sun hura mata. Na toshe, na naɗe ta da zane, na sa takardar shaida da mai gari ya rubuta mini a cikin lalitata.

Daga Maikujera zuwa Rabah kabu-kabu na hau. An kwana ana ruwa, hanyar ta zama kunu. Mai babur ɗin, wani magidanci mai surutu, ya yi ta tambayata ko maganin mayu na ɗauko da nake rungume da shi haka. A wani kwari babur ya kafe, na sauka na taka, taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya. Na tsaya da ƙafa guda ina lalube da hannun hagu, na dama na sama riƙe da kwalba, har na ciro shi. Mai babur na dariya har da riƙe ciki. Na ce ya yi dariyarsa, in injin garinmu ya tsaya matarsa ce za ta daka masa gero, sannan zai san abin dariya.

A tashar Rabah mun daɗe kafin mota ta cika. Aka cusa ni tsakanin buhun gishiri da wani mutum mai rago. Ragon ya yi ta cin bakin zanen da na naɗe kwalbar, mai shi kuwa yana barci.

Ba mu yi nisa ba muka iske shinge. Yanzu a ƙasarmu shinge ya fi kan iyaka tsanani, kowa sai ya sauka da kayansa. Ban ga laifin wannan ba, mun san abin da ke cikin daji. Abin da na ga laifinsa shi ne abin da ya biyo baya. Wani mai kaki ya nuna ƙunshina.

"Hajiya, mene ne wannan?"

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, kada ka ɗora mini abin da ban yi ba. Man taransifoma ne, gwaji za ni kai shi."

Ai sai ya kira abokinsa. Shi na farkon ya zare murfin, ana yayyafi, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya murza. Ya ce sun san irinmu, ɓarayi na sato man nan su sayar wa mata masu suya. Ya matso ya shinshina mayafina ya ce, "Ka ji, har ƙanshin suya take."

Ni da nake soya gyaɗa, in niƙa, in matse mai da hannuwan nan tun kafin a haife shi, ni za a ce ina ciyar da mutane guba? Na ciro takardar mai gari. Ya miƙo hannu, na ce a'a, ni zan karanta maka. Na tsaya a tsakiyar titi na karanta ta da ƙarfi tun daga bisimilla har sa hannu, ina bin kowane layi da yatsa. Fasinjoji suka zagaye mu. Direba ya ce, "Yallaɓai, ka sallame ta don Allah, in ba haka ba za ta sake daga farko." Mai kakin ya maido mini kwalbar. Murfin kuwa sai da muka neme shi a cikin ciyawa, na goge shi da bakin zane.

Wannan ya cinye mana rana. Mun shiga Wurno bayan la'asar, kuma a wannan lokacin ba direban da ke yarda ya kama hanyar Goronyo. Dole na nemi gidan taubashiyata Asabe, wadda ke aure a wani gidan malamai.

Tana ganina ta ce, "Lale da baiwata! Wa ya saki 'yar ƙauye cikin birni da takalmi kala biyu, ɗaya ja ɗaya baƙi?"

Na ce, "Taɓo ne, uwar ƙauyawa. Ke da anka kawo Wurno kina tsoron matakala."

Mutanen Wurno suna da nasu hali. Kafin a tambayi sunanka sai an tambayi wane ne kakanka, kuma a wurin wa ya yi karatu. Zaure uku na ratsa kafin in ga tsakar gida. Matan gidan magana suke ƙasa-ƙasa kamar akwai mai jinya, har na ji muryata ta yi mini yawa a baki. Amma ba su da rowa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, shinkafar fadamarsu, fara tas. Na ci na yaba, sai dai shinkafa ba ta riƙe ciki kamar gero. Mu a gida in ka ci tuwo da magariba, sai hantsi ka tuna da yunwa.

Uwar mijin Asabe, tsohuwa da ake kira Inno, ta ji labarin abin da na ɗauko. Ta sa aka kira ni ɗakinta ta ce ta daɗe tana jin man lantarki na maganin ciwon gwiwa, in sam mata kaɗan. Na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da Sani ya faɗa. Ta ce to, Allah shi kiyaye hanya. Na tafi alwalar magariba. Ina dawowa na iske Asabe durƙushe gaban tsohuwa tana shafa mata gwiwa, kwalbata a buɗe kusa da randa, da cokali a ciki wanda aka ciro daga ruwan wanke-wanke.

A ranar gidan malamai ya ji murya. Asabe na cewa, "Cokali ɗaya ne fa, Kulu, sai ka ce zinariya!" Na sa ta ɗebo ruwan ɗumi da sabulu ta wanke gwiwar tsohuwa tas. Inno ta ce ita kam har ta fara jin sauƙi. Na kwana da kwalbar a ɗaure a ƙuguna.

Talata da hantsi na isa Goronyo. Gari ne mai warin kifi da albasa, kuma mutanensa irina ne, ba su iya magana a hankali ba. Mata na zaune bakin hanya da kifin madatsar ruwa suna ciniki da maza ido cikin ido, abin da ba za ka gani a unguwar su Asabe ba. Na tambayi wata gidan Malam Garba mai wuta. Ta ce, "Wanda ke faɗa da kowa? Bi nan, gida mai dogon ƙarfe a kan soro."

Na same shi a zaure yana gyaran rediyo, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Matarsa Yalwa ta kawo mini ruwa. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce mata ta kori kaji daga kan akwati. Akwatin ƙarfe ne mai hannu, girman na ɗinki, da batir nasa a ciki. Ya goge shi, ya fito da wani ƙoƙon gilashi mai ƙwallayen tagulla biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu ɗan sarari da bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Aikin man nan a cikin taransifoma shi ne ya sanyaya ta, kuma ya tsaya tsakanin wayoyi kada wuta ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. Mai lafiyayye yana tare wuta. Wanda ya sha ruwa ko datti sai ya ba ta hanya. Ya ce gwaji iri biyu ne. Akwai wanda ake ta ƙara wuta har sai ta fasa man ta yi tartsatsi, man ya ƙone ya yi baƙi-baƙi. Akwai kuma wanda shi ya fi so, a ɗaga wuta a hankali zuwa iyakar da ya kamata mai ya jure, a tsaya nan minti ɗaya cur. In ya riƙe, an san lafiyarsa lau, kuma ba a ƙona shi ba. Ya nuna mini lamba talatin a fuskar agogon akwatin ya ce nan ne iyakar.

Ya zuba man ya rufe, ya jira kumfa ta kwanta, ya ce in ja baya. Ya fara murɗa maɓalli. Allura ta tashi. Biyar. Goma. Ina karanta lambobin a zuciyata. Ba ta kai sha biyar ba sai ji na yi ƙas, wani shuɗin haske ya gilma cikin ƙoƙon, akwatin ya kashe kansa.

Ya cire tabarau ya ce, "Malama, wanga mai ba shi tare ko wutar tocila."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Ashe mai motar sanyi ya yi gaskiya? Na tuna yadda na tsaya bakin zaure ina ɗaga wa maza murya, na tuna injina, na tuna jan ruwan rijiya.

Shi kuwa ya ɗaga kwalbar yana kallonta a hasken ƙofa. Ya karkata ta. Ya ce, "Zo ki gani." A can ƙasa wasu 'yan ƙwallaye ne ƙanana suna birgima, ba su haɗu da man ba. Na san su. Kullum ina ganinsu a gindin galan in an bar shi a buɗe da damina.

"Sau nawa anka buɗe kwalbar ga tun da anka cika ta?"

Na fara lissafa masa. Tofin dattawa huɗu. Yatsan mai kaki cikin yayyafi. Murfi a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da na zo kan cokalin Asabe, Yalwa da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya har ta zauna. Malam Garba bai yi dariya ba. Ya ce wannan man ya fi gishiri shan raɓa, numfashi kaɗai ya isa ya ɓata shi, balle yawu. Ya ce, "Abin da na gwada yau tafiyarki ce, ba taransifomarku ba. Ba a kawo mai wurin akwati da damina. Akwati aka kai wa mai."

Haushi ya kama ni, kuma wannan karon da kaina na fara. Ni da na gasa kwalba a murhu don na san halin mai, ni ce na buɗe ta da hannuna saboda kunya. Sai kuma haushin Sani da bai gaya mini kome game da murfi ba, da haushin masu ilimin abin nan gaba ɗaya, da suke riƙe shi a aljihu kamar mu ba za mu gane ba in an yi mana bayani. Malam Garba ya yi mini shi cikin lokacin da bai kai na dafa shayi ba, kuma na gane.

Na ce, "To tashi mu tai, Malam. Jibi za su ɗauke ta."

Ya ce ba inda za shi. Ya aje aiki, ba shi da ikon taɓa kayan kamfani. Kuma ya taɓa zuwa wani gari ya ce mansu lafiya lau, aka kira shi tsoho mai hana ruwa gudu a ofis, aka daina gaishe shi. Ya ce in yi haƙuri.

Kalmar nan ce ta ƙarasa ni. Na ce, "Tun daga Maikujera nike gudun sai haƙuri, ashe ta riga ni zuwa Goronyo. Kai da bakinka ka ce ba ka gwada taransifomarmu ba. Shi ma wancan bai gwada ba. To mi ya raba ku? Shi dai shina da mota."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Yalwa ta ce, "Gaya mishi, 'yar uwa. Kullum shina zagin masu aikin zamani a zaure, akwati kuwa kaji na ƙwai a kai."

Malam Garba ya ce shi ba ya taɓa famfo sai da ma'aikacin kamfani a tsaye da izinin ofis a rubuce. Na ciro wayata na kira Sani a gabansa. Na ce masa ko dai ya je wurin ogansa a Rabah ya karɓo takardar izinin gwaji, ko kuwa in zo ofishin da kaina in karanta musu farin gurbin nan da ƙarfi kamar yadda na yi a shinge. Ya ce, "Inna, don Allah kada ki zo. Zan karɓo."

A gidansu na kwana. Yalwa ta yi mini hoce, wainar dawa irin tamu, da romon kifi mai yaji, irin wanda ke sa hanci zuba. Sauron Goronyo kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ta cikin zane yake cizo. Malam Garba bai ce mini zai je ba, bai ce ba zai je ba. Da na fito alwalar asuba na ga akwatin a bakin zaure, an naɗe shi da leda an ɗaure da igiya.

A hanyar komawa muka sake iske mai kakin nan. Ya gane ni, ya ce, "Mama mai karatu, yau kuma mene ne?" Na ce ya buɗe ya duba, amma kada ya tsoma yatsa, wannan cizo yake. Malam Garba ya nuna masa tsohon katin aikinsa, ya ɗaga mana hannu.

Mun isa Maikujera ranar Laraba da la'asar sakaliya, hadari ya janye, rana ta fito. Sani na jira da takardarsa. Gari ya taru, har mata sun fito bakin katanga. Yaya Liman ya matso da carbinsa, ya ce a kawo ƙoƙon ya sa albarka kafin a fara. Na buɗe baki ban san ta inda zan fara ba, sai Malam Garba ya riga ni.

Ya rusuna ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ina da tambaya. Addu'a tana ratsa gilashi?"

Yaya Liman ya ce, "Abin da ke ratsa sammai bakwai?"

"To a yi muna ita daga nan. Wanga mai ba shi son numfashin kowa, har nawa."

Liman ya ɗaga hannu daga inda yake, kowa ya shafa. Sani ya kashe wuta. Malam Garba ya goge bakin famfon da busasshen ƙyalle, ya bar man farko ya zuba a wani gwangwani, ya ɗauraye ƙoƙon da man kansa har sau biyu, sannan ya cika ya rufe nan take, fuskarsa a juye gefe. Duk abin da ya ɗiba bai kai kofin shayi uku ba. Ba a buɗe saman taransifoma ba, ba a kawo ganga ba.

Allura ta tashi. Ta wuce sha biyar. Ashirin. Ashirin da biyar. Ta hau talatin ta tsaya. Ya miƙo mini agogon hannunsa ya ce ni zan ƙirga. Ban taɓa sanin minti ɗaya na da tsawo haka ba. Da tsinken agogo ya zagayo na ce ya cika, ya sauke wutar, ya ɗaga ƙoƙon sama. Man garau, kamar yadda ya fito. Ya sake ɗiba ya maimaita, man ya sake riƙewa.

Bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce man ba sabo ba ne, a sake gwada shi bayan kaka. Ya nuna mana wata kwalba a jikin taransifomar mai ƙananan duwatsu da ke shanye raɓar iska, ya ce shuɗi ya kamata su kasance, ga su sun koma ja-ja, a canza su. Sannan ya nuna wa Sani wata waya a sama da ta saki, ya ce ita ke ƙona fis in iska ta kaɗa. Sani ya hau ya ɗaure ta kafin magariba. Malam Garba ya rubuta lamba da sa hannu a takarda, Sani ya sa nasa a ƙasa.

Da mutane suka watse Yaya Liman ya kira ni gefe. Labarin kwalba ya riga ya kai masa. Ya ce, "Kulu, kin san haka ranar Litinin?"

Na ce, "Na yi zato, Yaya."

"To mi hana ki faɗa? Ke da ba ki jin kunyar mai gari?"

Har yanzu wannan tambayar ta fi maganar mai kaki yi mini zafi.

Alhamis bayan sallar asuba ban kunna inji ba. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar shingen taransifoma, na kawo ƙwaryar tunkuza ina murza ƙuli, takardu biyu, ta Malam Garba da ta ɗan kwangila da na karɓo wurin mai gari, a ƙarƙashin dutse kusa da ƙafata. Da hantsi mota mai ƙugiya ta shigo, motar sanyi na biye. Ɗan kwangilar ya sauke gilashi rabi ya ce a gaya wa tsohuwar nan ta matsa.

Na goge hannuna, na tashi na je har bakin tagarsa. Na nuna masa takardar Malam Garba ban sakar masa ba. Sannan na miƙa masa tasa takardar, da birona na ajin manya, na ɗora yatsa a kan farin gurbin.

Na ce, "Ka manta ba ka cike nan ba. Sauko ka cike gabanmu, ga famfo can. In ba ka zo da akwati ba, mai akwati na zauren Liman shina shan fura."